JMatch na Hot Potatoes a makarantar ƙauye: inda yake aiki da inda yake gazawa

"Haɗa kowane da abokin burminsa" tsohon aiki ne a ajin firamare da ƙaramar sakandare. Malami ya rubuta jeri biyu a allo, ɗalibi ya ja layi daga hagu zuwa dama. Manhajojin da ke mayar da wannan aiki kan kwamfuta da waya sun yi yawa yanzu, sai dai galibinsu an gina su ne da zaton intanet ba ya yankewa. Malamin da ke koyarwa a wani ƙauye na Gwaram, ko Sumaila, ko Birniwa ya san ba haka abin yake ba. Da wannan ma'auni ya kamata a auna JMatch, manhajar kwamfuta da ake shirya irin wannan aikin haɗawa da ita, kuma idan aka auna shi da shi, ga hukuncin tun daga farko: don atisaye da bita a wurin da sabis ke zuwa yana tafiya, da wuya a sami kayan kyauta da ya fi shi sauƙi, don jarrabawar da za a rubuta makinta a rajista kuwa, bai dace ba ko kaɗan.

JMatch ɗaya ne daga cikin ƙananan manhajoji shida da ke cikin Hot Potatoes. Sauran su ne JQuiz na tambaya da zaɓin amsa, JCloze na cike gurbi, JCross na wasa ƙwaƙwalwa da kalmomi, JMix na jera kalmomin jimla, da Masher wanda ke tara ayyuka da yawa wuri guda. Stewart Arneil da Martin Holmes ne suka ƙirƙire shi a Jami'ar Victoria da ke Kanada, ya fito a 1998, kuma tun 2009 aka mayar da shi kyauta. Ana sauke shi daga hotpot.uvic.ca, yana hawa Windows, kuma tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙaramin ƙarfi ma tana ɗaukarsa ba tare da nishi ba. Sau ɗaya ake buƙatar data, ranar saukewa. Daga nan sai a riƙa yawo da shi a fulash daga makaranta zuwa makaranta.

Babban abin da ya bambanta shi da sauran shi ne abin da yake fitarwa. Idan ka gama rubuta aikin, yana ba ka fayil ɗaya na shafin intanet, mai ƙarewa da .htm, wanda tambayoyin da amsoshin da lissafin maki duk suna cikinsa. Burauza ce kawai ke buɗe shi, ko da an kashe data. Idan babu hoto a ciki, nauyinsa ba ya kai kilobayit 100, wato ana iya tura ayyuka da dama da datar da hoto ɗaya na waya zai ci.

Yadda ake haɗa aikin

Fuskar manhajar da Turanci take zuwa, amma abubuwan da malami zai taɓa ba su da yawa. A sama akwai gurbin take. A ƙasansa jeri biyu ne: na hagu shi ne wanda zai tsaya a yadda ka tsara shi, na dama kuma shi za a hargitsa wa ɗalibi. Kowane layi ka rubuta abu da amsarsa daidai, kafaɗa da kafaɗa. Hargitsawar ba aikinka ba ne. Layi biyar ake gani a lokaci guda, kibiyar da ke gefe ce ke kai ka na shida zuwa sama.

Ga misali daga darasin zamantakewa na Jigawa: ƙaramar hukuma da masarautar da take ƙarƙashinta. Birnin Kudu da Dutse, Kafin Hausa da Haɗeja, Maigatari da Gumel, Roni da Kazaure, Taura da Ringim. Akwai ɗan akwati mai suna Fix a ƙarshen kowane layi. Idan ka sa masa alama, wannan layin zai fito wa ɗalibi a haɗe, ya zama misalin da zai bi. Ga 'yan aji huɗu da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, wannan akwati yana rage wa malami bayani sosai, don haka a yi amfani da shi a aikin farko da na biyu, daga baya a daina.

Kafin komai, ajiye aikin. Zai ajiyu da ƙarshen .jmt, kuma wannan shi ne uwar fayil, wanda za ka iya dawowa ka gyara. Bayan haka sai ka fitar da shafin ɗalibi, kuma nau'i uku ne. Danna F6 ya ba ka na gama-gari, inda kowane layi yake da jerin zaɓi mai saukowa a gabansa. Ctrl da F6 ya ba ka na jan kati, inda ɗalibi zai jawo amsa ya ajiye ta kusa da abokiyarta. Shift da F6 ya ba ka katin tuni, wanda ke nuna abu sannan ya buɗe amsarsa, ba maki a ciki.

Na jan kati shi ne yake burge yara, kuma shi ne ya fi jawo matsala. An tsara shi tun zamanin linzami da babban allo. A waya mai inci 5 ko 6, katunan suna hawa kan juna, yatsa yana jan shafin gaba ɗaya maimakon katin, kuma idan gilashin wayar ya tsage, kamar yadda ake yawan gani, katin yakan kuɓuce a tsakiyar hanya. Siga ta 7 ta sabunta shafukan da take fitarwa, don haka ita ya kamata a sauke, ba ta 6 da ke yawo a tsofaffin fulash ba. Duk da haka, idan wayoyi ne kayan aikin ajin, a zaɓi jerin mai saukowa. Idan kwamfutoci ne, jan kati ya fi, domin yana koya wa hannun yaro danna linzami da riƙe shi, abin da zai buƙata ranar da zai zauna jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta zalla tun 2015. Ko a kwamfutar ma, kada katunan su wuce shida ko bakwai, don duka su bayyana a allo ba sai an gangara ƙasa ba.

Mayar da shi Hausa

Nan JMatch ya cancanci yabo. A ƙarƙashin Options akwai Configure Output, kuma duk wata kalma da ɗalibi zai gani ana iya sauya ta: umarnin da ke sama, sunan maɓalli, saƙon da ke fitowa idan an ci da wanda ke fitowa idan an faɗi. Maɓallin Check ya koma "Duba amsa". Saƙon nasara ya koma "Daidai ne, madalla". Na kuskure ya koma "Da saura. An cire waɗanda ba daidai ba, sake gwadawa". Aikin minti goma ne, kuma idan ka ajiye wannan tsari a fayil ɗinsa mai ƙarshen .cfg, duk malaman makarantar za su iya ɗora shi ba sai kowa ya sake fassarawa ba. A wuri ɗaya ake saka agogon ƙidayar lokaci, da umarnin a sake hargitsa jerin duk lokacin da aka buɗe shafin, da umarnin a nuna wani adadi kawai daga cikin abin da ka rubuta. Wannan na ƙarshe yana da amfani ƙwarai: ka rubuta layi 20, ka ce a nuna 6 kowane buɗewa, sai ya zama yaran da ke zaune benci ɗaya ba tambaya ɗaya suke gani ba.

Haruffa masu lanƙwasa su ne tarkon farko. Manhajar tana karɓar ɓ da ɗ da ƙ lafiya lau idan da allon rubutu na Hausa da ke cikin Windows aka buga su. Matsalar tana zuwa ne daga tsofaffin takardun Word da aka buga da salon rubutun da ke aron wasu maɓallai. A irin waɗannan takardu ƙ a zahiri alamar } ce ko harafin q, ɗ kuma ] ce ko x, ɓ kuma ~ ce ko v. A kwamfutar malami suna fitowa daidai saboda salon yana cikinta. Da zarar an kwafo su cikin JMatch aka buɗe a wata na'ura, sai "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "xaya". Maganin shi ne a sake buga haruffan, ko a yi amfani da nemo-ka-sauya na Word kafin a kwafo. Abin daɗin shi ne ɗalibi ba ya buga komai a aikin haɗawa, zaɓa kawai yake yi, don haka ba a zaluntarsa don wayarsa ba ta da ƙ, kamar yadda ke faruwa a aikin cike gurbi.

Malaman Islamiyya ma suna iya haɗa kalmar Larabci da ma'anarta ta Hausa. Kalma ɗaya ko biyu tana fitowa daidai. Doguwar jimla da aka cakuɗa Larabci da boko da lambobi a layi ɗaya ita ce ke birkicewa, saboda rubutun biyu ba fuska ɗaya suke tafiya ba. A raba su: Larabci a jeri ɗaya, boko a ɗayan.

Hoto, da yadda fayil ke isa hannun ɗalibi

Wannan shi ne wurin da yawancin masu fara amfani da shi ke karaya, don haka a kula. JMatch ba ya saka hoto cikin fayil ɗin .htm, adireshin inda hoton yake kawai yake rubutawa. Idan ka haɗa aikin kayan noma, hoton garma da fartanya da lauje da magirbi da gatari a hagu, sunayensu ko ayyukansu a dama, to fayil shida ke nan, ba ɗaya ba, kuma dole su yi tafiya tare cikin folda ɗaya. Ka tura .htm shi kaɗai, ɗalibi ya ga akwatuna babu komai. Hanyar da ba ta ba da matsala ita ce a buɗe folda, a zuba hotunan, a ajiye .jmt a cikinta, sannan a fara saka hoto. Sunan kowane hoto ya zama gajere, ƙananan haruffa, babu tazara, babu harafi mai lanƙwasa. A kuma rage girmansu zuwa faɗin fiksel 150 ko 200 da Paint kafin a saka. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabayit 3 zuwa sama, kuma rage shi a ido daga cikin manhajar ba ya rage nauyinsa.

A kwamfuta, da zarar an kwafe foldar gaba ɗaya, shi ke nan. A wayar Android labarin daban ne. Idan aka turo .htm ta WhatsApp ko Xender ko Bluetooth aka danna shi, wayar tana miƙa wa burauza wannan fayil ɗaya ne tak, ba ta ba ta izinin leƙa maƙwabtansa, don haka hotunan ba sa fitowa ko da suna folda ɗaya. Sannan idan wayar ta tambayi da me za a buɗe, a zaɓi Chrome. Ƙaramar manhajar HTML Viewer da ke zuwa da wasu wayoyi tana nuna rubutun, amma ba ta tafiyar da lissafin da ke ciki, sai a ga shafi ya buɗe amma maɓallin duba amsa ya mutu. Ƙananan wayoyi masu madannai ba sa cikin lissafi gaba ɗaya.

Saboda haka ƙa'idar mai sauƙi ce: aikin da za a tura wa wayoyi ya zama rubutu zalla. Makarantar da ke da ƙwararren malamin kwamfuta tana da wata mafita. A kunna rauta, wato na'urar raba Wi-Fi, ko da babu layi a cikinta, a haɗa kwamfutar malami da wayoyin a kanta, a shiga foldar ayyukan a tayar da ƙaramar saba, wato shirin da ke miƙa wa wayoyin fayilolin, da umarnin manhajar Python, python -m http.server 8000, sai kowane ɗalibi ya buga adireshin kwamfutar a burauzarsa. Hotuna da sauti duk za su fito, kuma ko kobo ba a kashe a data ba. Rauta da kwamfuta ɗaya ba su fi ƙarfin ƙaramin sola ba.

Maki

Idan ɗalibi ya danna duba amsa, waɗanda ya yi daidai suna tsayawa, na kuskure su koma, makinsa ya ragu, ya sake gwadawa har ya gama. Don koyo wannan tsari ne mai kyau, domin yaro yana ganin kuskurensa nan take, ba sai bayan mako guda da malami ya dawo da littattafai ba. Amma makin ba ya zuwa ko'ina. A allon ɗalibi yake tsayawa, da an rufe shafin ya tafi. Wanda ya sami 40 yana iya sabunta shafin ya sake yi ya nuna 100. Amsoshin ma suna cikin fayil ɗin ga duk wanda ya san yadda ake leƙa cikinsa. Ana iya tara maki idan aka ɗora aikin a Moodle, manhajar gudanar da karatu ta intanet, ta hanyar ƙarinta mai suna HotPot ko kunshin darasi na tsarin SCORM, sai dai wannan yana buƙatar saba da mai kula da ita, abin da makarantar ƙauye ba kasafai take da shi ba. Kada a rubuta makin JMatch a gurbin gwajin zangon karatu. Malamin da yake so ya san matsayin yara ya zagaya da rajista ya duba allon kowa a karon farko da ya danna duba amsa.

Abin da manhajar ba za ta yi maka ba

Mafi yawan ayyukan haɗawa da ba su da amfani, ba manhaja ce ta ɓata su ba, rubutun ne. Kuskure na farko shi ne cakuɗa jinsi. Idan jerin dama ya ƙunshi shekara ɗaya, sunan mutum ɗaya, sunan gari ɗaya da sunan kogi ɗaya, yaron da bai taɓa shiga ajin ba ma zai ci duka, domin tambayar "yaushe aka ƙirƙiri Jigawa" ba ta da wurin zuwa sai 1991, tunda ita kaɗai ce lamba. Jeri ɗaya, jinsi ɗaya: duka garuruwa, ko duka shekaru, ko duka kayan aiki.

Na biyu ya shafi Hausa musamman. Harshenmu yana tona asirin amsa ta hanyar jinsin kalma. Idan ka rubuta "ita ce ake nome ciyawa da ita" da "shi ne ake yankan shinkafa da shi", ka riga ka gaya wa yaro cewa ta farko mace ce, na biyu namiji, sai ya ware fartanya da lauje ba tare da ya san aikinsu ba. Haka "ne" da "ce", da "ya" da "ta", da jam'i. A rubuta bayanin tsirara: "noman ciyawa", "yankan shinkafa", "girbin gero".

Na uku shi ne daidaita yawan jerin biyu. Lissafin a fili yake. Layi biyar da amsa biyar ana iya jera su ta hanya 120, kuma mai cankar banza, a matsakaici, yana samun ɗaya daidai, wato maki 20 cikin 100 kyauta. Wanda ya san huɗu ya sami na biyar ba da saninsa ba. Wanda ya san uku, saura biyu, canka ɗaya cikin biyu zai ba shi duka. Amma idan ka ƙara amsoshin ruɗi guda biyu a dama, wannan mai sanin ukun yana fuskantar hanya 12 ne, ɗaya ce kawai daidai. A JMatch ana yin haka ta barin gurbin hagu babu komai a cike na dama. A misalin masarautu, Daura da Katagum sun dace da wannan, tunda masarautu ne na gaske, maƙwabta, amma na Katsina da Bauchi. Amsar ruɗin da kowa ya san ba ita ba ce, ɓata wuri kawai take yi.

Dogon bayani ya zauna a hagu, gajeriyar amsa a dama, domin jerin mai saukowa yana cika allon waya idan amsar ta yi tsawo. Kuma kowane abu na hagu ya kasance amsa ɗaya ce tak ta dace da shi. Gatari da adda duk suna sara; idan ka sa su tare da "saran itace", ka shirya wa kanka gardama da yaron da ya fi ka gaskiya.

A ce aji mai ɗalibai 60 da na'ura 10, darasi na minti 40. Mutum shida ke nan a kan kowace na'ura. Idan aiki ɗaya na layi shida yana cin minti huɗu, kowa zai sami juyinsa har a sami ragowar lokacin tattauna kurakurai, matuƙar an kunna hargitsawa da zaɓen wasu daga cikin da yawa. Idan ba a kunna ba, na ukun da zai karɓi linzami haddar wurin amsa kawai zai yi. A lura da 'yan mata a rukunin da aka cakuɗa, don sau da yawa linzamin yana maƙalewa a hannun maza. Raba rukuni ko kiran juyi da suna yana gyara wannan.

Idan aka kwatanta da sauran

Babban raunin JMatch ga malamin ƙauye shi ne ba a haɗa aiki da shi a waya, dole sai kwamfuta, alhali malamai da yawa waya ce kaɗai suke da ita. Mai waya zalla zai iya amfani da Google Forms, ya zaɓi tambaya mai layi da ginshiƙi, ya takaita amsa ɗaya ga kowane ginshiƙi. Shi yana tara maki da sunan kowa, amma kowane ɗalibi sai da data, kuma idan ginshiƙan sun wuce huɗu sai an riƙa jan allo gefe. LearningApps da Wordwall sun fi JMatch kyan gani nesa ba kusa ba, su ma sai da intanet a lokacin da yaro ke aikin, kuma Wordwall na kyauta yana iyakance yawan ayyukan da za ka ƙirƙira.

Abokin hamayyarsa na gaske shi ne Lumi, manhajar kyauta ta kwamfuta da ake haɗa ayyukan H5P da ita, wato wani tsarin atisayen da ake yi a burauza. Tana da haɗa hoto da hoto, da jan kalma zuwa gurbi inda kake sa kalmar tsakanin alamun tauraro (*) biyu, kuma tana iya fitar da fayil ɗaya da hotunan a cikinsa, wanda ya warware matsalar Android da aka ambata. Illarta ita ce nauyi: manhajar ta fi girma, tana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi, kowane nau'in aiki sai an sauke shi da intanet a karon farko, kuma fayil ɗin da take fitarwa ya ninka na JMatch sau da yawa. Makarantar da za ta yi aikin hotuna a wayoyi ta ɗauki Lumi. Wadda aikinta kalma da ma'ana ne, ƙasa da babban birninta, sinadari da alamarsa, karin magana da ƙarashenta, JMatch ya ishe ta.

Akwai kuma wani abu da ake mantawa da shi. A ƙarƙashin File akwai Export for Printing, wanda ke kwafe aikin a hargitse tare da amsoshinsa, ka liƙa a Word ka buga a takarda. Ranar da batirin sola ya ƙi ɗauka saboda hazo ko hadari, wannan takarda ce za ta ceci darasin, ko a raba ta ko a kwafe ta a allo.

Fayil ɗin .jmt kuwa a ajiye shi a wuri biyu aƙalla, ɗaya ba a fulash ɗin da ke yawo ba. JMatch ba ya buɗe .htm don gyara, don haka idan uwar fayil ta ɓace, ko harafi ɗaya ne ya kuskure sai an sake buga aikin daga farko. Fulash ɗin da ke shiga shagunan buga takardu yakan kwaso ƙwayar cutar da ke ɓoye folda ta bar gajerun hanyoyi a madadinta. Idan haka ta faru kada a danna gajerun hanyoyin, kuma kada a yi saurin goge fulash ɗin: foldodin galibi suna nan a ɓoye, ana dawo da su bayan an wanke shi da manhajar kashe cutar an kuma kunna nuna ɓoyayyun fayiloli a Windows.